Makirufo a Aljihun Gaba

Ko tsufa zai kwashe mini komai har in riƙa tambayar 'ya'yana sunayensu, ba zan taɓa mantawa ba da wani yammaci a Wadi Faɗima, ranar da na yi kuka a gaban dattawan Misfala har aka sa mini albarka, kafin wani ɗan akwati mai batir ya buɗe baki ya tona mini asiri.

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Iyayena Kanawa ne da suka zo aikin Hajji, suka ga wuri ya yi musu, suka shimfiɗa tabarma. A shekarun nan na alif ɗari tara da sittin da 'yan kai ina saurayi, gashin baki ya fara baƙi, ina aiki a shagon Usta Ya'u mai gyaran rediyo. Usta gajere ne, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki, ya yi sallama, ya zauna, sannan shi ya iso. Na iya canja fitilar rediyo, na iya liƙa waya da dalma. Iyakar ilimina ke nan. Amma da ka tambaye ni a lokacin, da na gaya maka ni na ba Turawa shawarar ƙera rediyon.

Abin da ya lalata ni wani faifan garmaho ne. Wani Bahaushe mai aikin jirgin ruwa a Jidda ya kawo garmahonsa gyara, ya bar faifan a ciki, da ya dawo ya ga yadda nake rungume da shi sai ya ce in riƙe. A jikin kwalin faifan akwai hoton wasu baƙaƙen mutane irinmu sak, sun sha kwat, ɗaya na busa wani ƙaho mai lanƙwasa kamar tukunyar shan taba. Mai garmahon ya ce sunan kiɗan jaz, kuma a wani gari na bakin teku a ƙasar Turawa ake yin bikinsa duk shekara, an daɗe ana yi, mutane su taru a fili, makaɗa su yi ta yi, a ɗauka a faifai yadda abin ya faru, da tarinsa da tafinsa. A zamanin nan ba a sakin kiɗa a titin Makka yadda aka ga dama, akwai masu sanda da ke zagayawa. Saboda haka sai Usta ya tafi barcin rana nake rufe ƙofa, in cusa tsumma a bakin wani garmaho da ke shagon, in manna kunne.

To, ni ba masu busar ne suka burge ni ba. Akwai wani mutum a cikin 'yan kallo, Allah kaɗai ya san ko waye, da zarar mai ƙahon ya kai ƙololuwa sai ka ji ya kwarma, "O iye!" ya bi da fito. Wannan mutumin ya hana ni barci. Ba ya busa komai, ba ya kaɗa komai, wataƙila ma gyaɗa ya je sayarwa, amma ga muryarsa ta ƙetare teku, ta wuce kwastan na Jidda ba fasfo, ta shigo Misfala ta same ni. Na ce a raina wannan shi ne mai rabo. Na yi ta koyon "O iye" ɗin nan a banɗaki har mahaifiyata ta fara yi mini tofi a ruwa.

Mu ma muna da namu bikin, ko da yake ba wanda ya taɓa buga shi a kwali. Duk shekara in an gama aikin Hajji, masu dako da masu tura keke da masu sayar da ruwa sun huta, sai mutanenmu su haɗu a yanka raguna, a cika lori, a tafi wani lambun dabino a Wadi Faɗima, can hanyar Jidda, inda ba mai sanda. A yini ana ci ana kiɗa, a dawo kafin duhu. Tun ba a haife ni ba ake yi. Kuma tun ba a haife ni ba mutum ɗaya ke rufe taron, Baba Mainasara mai molo.

Baba mutumin Zamfara ne. Da ƙafa ya zo, ta Sudan, yana matashi, ya yi shekaru a hanya yana noman auduga a gonakin mutane kafin ya ga teku. Bai koma ba. A Misfala facin takalma yake yi, in ka gan shi ba za ka ce ya san wani abu wai shi kiɗa ba. Sau ɗaya a shekara yake ciro molon daga buhu. Zai yi ta kaɗe-kaɗe masu sa dariya, yana zambo wa mutane, daga ƙarshe sai ya yi shiru, ya gyara zama, ya kaɗa wani take na mahaifinsa, wanda ya ce da shi ake tashin su zuwa gona suna yara. Ba ya maimaita shi. Ko wa ya roƙa, sai baɗi.

A shekarar da nake ba ku labari, cikin alhazan da suka zo akwai wani Alhaji Bawa, ɗan kasuwa daga Gusau. Ya kawo wa Baba takalminsa faci, hira ta kai hira, sai ga shi ya san ƙauyen su Baba, har ya san ƙanwarsa, Goggo Hajo, wadda Baba ya bari tana 'yar mitsitsiya tana bin sa da kuka har bakin rafi. Tana nan da rai, ta tsufa, ta yi jikoki, kuma duk alhajin da ya dawo sai ta je ta tambaye shi ko ya ga yayanta. An ce ranar Baba ya ɗinke wa Alhaji takalmi har da bakin da ƙafa ke shiga.

Shi kuma Alhaji Bawa ya sayi tsarabar da ba a taɓa kaiwa Gusau ba, rikoda mai zare, irin mai kwarkwaro biyu da ke juyawa, da igiyar ratayawa a kafaɗa, da ɗan makirufo mai gajeriyar waya. Zare ɗaya tak ya zo da ita. Sai aka yi shawara: a ɗauki taken nan na mahaifinsu ranar biki, Alhaji ya kai wa Goggo Hajo ta ji da kunnenta. Daga lambun ma Alhaji zai wuce Jidda, don jirginsu na shirin tashi. Matsala ɗaya, Alhaji bai san inda ake taɓawa ba. Ya kawo ta shagonmu.

Usta ya juya ta, ya shinshina ta, ya ce, "Wallahi ya Hajji, ban taɓa gyara irinta ba."

Ni kuwa da ba wanda ya tambaya na ce, "Wannan ai wasan yara ce. Irinta ake ɗaukar jaz da ita."

"Jas?" in ji Alhaji.

"Wani babban biki ne na Turawa, Alhaji. Na san yadda suke yi ciki da waje."

Usta ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ya walad, kai yaro, kai da ko Ɗa'ifa ba ka taɓa zuwa ba." Amma bakin ya riga ya yi aikinsa. Alhaji ya danƙa mini rikoda, tun daga nan ya fara kirana Injiniya. (Na amsa. Har da gyaran murya na amsa.)

Ranar biki na sha farar jallabiya mai guga, na rataya rikoda a kafaɗa kamar wanda zai je ɗaukar jawabin sarki. Na gwada ta a gida, na gane jan maɓalli ne na ɗauka, wancan na mayarwa baya, wancan na saurare. Baba ya kira ni gefe tun muna sauka daga lori. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗiyana, ni ban san abin ga ba. Amma ka ga Hajo ba ta karatu, ni ma ba ni yi. Wanga take shi kaɗai muka da shi ni da ita. Ka kama mini shi da kyau."

Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Ko numfashin molon sai ta ji."

Bayan La'asar aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dabino, aka fara shigo da faranta. Saliƙ ne, shinkafar nan da ake dafawa da madara har ta yi luguf, an ɗora mata naman rago, man shanu na gudu a gefe. Baba ba ya cin abinci sai ya gama kiɗa, don haka ya zauna can gaba kusa da randar ruwa, ya fara ɗaure tsirkiya. Kowane mai hankali zai je ya durƙusa a gabansa ya miƙa makirufo. Amma ni Injiniya ne. Na yi nazarin faifaina, na gano cewa daɗinsa daga cikin 'yan kallo yake fitowa, saboda haka a tsakiyar jama'a ya kamata a ɗauka. Kuma tsakiyar jama'a, cikin ikon Allah, ta faɗo daidai bakin farantin da ya fi nama.

Na zauna kusa da abokina Sule, na danna jan maɓalli, kwarkwaro ya fara juyawa. Sai na lura da wata matsala da Turawa ba su yi bayaninta a kwali ba: hannun dama na cin abinci ne, hannun hagu na dogarawa ne, wanne zai riƙe makirufo? Ban ɓata lokaci ba. Na soka shi a aljihun gaban jallabiyata, kansa na kallon sama, daidai ƙarƙashin haɓata. Na ma yaba wa kaina da wannan dabara.

Baba ya yi ta kaɗawa, mutane na dariya, ni ina ci, ina hira da Sule, in na ga wuri ya yi wuri in saki "O iye!" in bi da fito. Dattawa na waiwayowa. Na ɗauka sha'awa ce.

Can sai aka kawo sabon faranti daga kan wuta, a tsakiyarsa ga kitsen wutsiyar rago, wani dunƙule kamar kan jariri, yana ƙyalli. Na ga hannun Usta ya nufe shi. Ban san lokacin da nawa hannun ya riga shi ba. Na ɗauke, na jefa a baki gaba ɗaya, kafin ya ce a raba.

Jama'a, na sha jin wa'azin wuta, amma ranar na fahimci darasin. Kitsen nan ya manne mini a ganɗa kamar dalmar da nake liƙa waya da ita. In tofar, ga dattawa, ga Usta na kallona. In haɗiye, maƙogwaro ya ce bai san da wannan magana ba. Na miƙe zumbur na nufi randar ruwa, rikoda na lilo a kafaɗa. Ina isa gaban Baba, ina miƙa hannu ga moɗa, sai ya yi shirun nan nasa, ya gyara zama. Lambu ya yi tsit. Ko akuya ba ta motsa ba. Wa zai kwankwatsa moɗa a randa a wannan lokaci? Wa zai juya ya keta mutane ya koma? Sai kawai na durƙusa a gabansa, ƙirjina dab da molon, baki a ƙulle, kumatu a kumbure.

Ya kaɗa taken mahaifinsa. An ce bai taɓa kaɗa shi kamar ranar ba. Ni dai ban ji ko ɗis ba. Hawaye kawai ke zuba, wani na korar wani, har gaban jallabiya ya jiƙe. Ina jin wani tsoho a baya yana cewa, "Masha Allah, dubi yaron nan." Da Baba ya sauke hannu, ya dube ni, idonsa shi ma ya kawo ruwa. Ya dafa kaina ya ce, "An haife ka nan, ba ka taɓa ganin Zamfara ba, amma ka ji abin da ni ji. Allah shi yi ma albarka." Aka amsa da amin. Alhaji Bawa ya share ido da bakin rawani. Na koma wurina ina tafiya a hankali kamar waliyyi.

Da a nan aka tashi, da yau ana ba da labarina a matsayin mai taushin zuciya. Amma direban da zai kai Alhaji Jidda ya fara ɗumama mota, sai Alhaji ya ce, "Injiniya, a ɗan jiyar da mu kafin in tafi." Aka kewaye ni, manya a gaba, yara a kan katanga. Na mayar da zare baya, na ƙure murya, na danna, na harɗe hannu a ƙirji.

Abin da ya fara fitowa wata ƙara ce kamar raƙumi na tafiya a cikin laka. Caɓ. Caɓ. Caɓ. Mutane suka dubi juna. Usta ya ce, "Ta lalace ne?" Ba ta lalace ba. Ni ne nake tauna. Can nesa, nesa ƙwarai, kamar sauro a wani gari, ana jin molon Baba. Sai kuma murya ta fito, ƙatuwa, ta cika lambu, tawa:

"Sule, turo mini wancan ƙashin. Ba wannan ba, mai ɓargon."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na kai hannu zan kashe, Alhaji ya riƙe mini wuyan hannu, ya ce a bari a kai wurin taken. Caɓ, caɓ. "O iye!" Fito. Wasu tsuntsaye suka tashi daga kan dabino. Sai muryar ta dawo, ta rage sauti irin na gulma, wanda a makirufo ya fi komai fita tangaran:

"Dubi Usta yadda yake ci. Kamar wanda aka ce gobe za a hana shinkafa a duniya."

Ban dubi Usta ba, amma na ji zafin idonsa a ƙeyata. Yaran kan katanga ɗaya ya faɗo don dariya. Aka ci gaba. Na yi gyatsa, an ɗauka. Na gaya wa Sule cewa in ba don irinmu injiniyoyi ba da makaɗa sun mutu ba a san su ba, an ɗauka. Na sake "O iye", an ɗauka. Baba dai na zaune, molo a cinya, bai yi dariya ba. Fuskarsa ce ta fi komai yi mini ciwo, don na ga yana sauraron sauron nan na nesa yana neman kansa a ciki.

Sai aka ji ƙarar takun gudu, da wani gurnani, sannan tsit.

Daga cikin shirun molon ya fito. Tas, kamar a cikin kunnenka ake kaɗawa. Kana jin yatsa na sauka a kan tsirkiya, kana jin ɗan nishin da Baba ke yi in zai juya take. Dariya ta ɗauke. A lokacin ne ni ma na fara jin taken, karo na farko a ranar, kuma na gane abin da ya sa ake jiran sa shekara guda. Baba ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi. Aka ji ƙarshen, aka ji albarkar da ya sa mini, aka ji amin. Na fara ɗago kai. Na ce a raina Allah ya rufa asiri.

Na manta ban kashe rikodar ba da na koma wurina.

Aka ji wani ƙwat, kamar an jefa dutse a rijiya. Aka ji dogon numfashi. Sannan muryata, a shaƙe, tana cewa:

"Sule, ruwa. Kitsen nan ya ƙona ni har hanji, hawaye kawai nake. Wai me tsohon ya kaɗa ne?"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Tsohon da ya ce masha Allah ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Alhaji Bawa rawaninsa ya warware. Usta, wanda ya kamata ya yi fushi, dariya ta hana shi, yana nuna ni yana cewa, "Kitsena ne. Wallahi kitsena ne ya kama shi." Ni kuwa na dubi randar ruwa ina auna ko zan shige ciki.

Na rarrafa gaban Baba na ce, "Baba, ka yafe mini. A sake. Zan goge duka, in riƙe makirufo da hannu biyu, in ɗaure bakina da rawani."

Ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin ta tsofaffi da ba ta da sauti sai hawaye. Ya ce, "Albarkar dai na riga na sa, ba a janye ta." Ya mayar da molo cikin buhu. "Ba a sakewa, ɗiyana. Kuma kar ka goge komi. Abin da anka yi shi za ta ji. Tana can tana tunanin ina yawo ni ɗai cikin Larabawa da yunwa. Bari ta ji ana cin nama kusa gare ni."

Direba ya danna ham. Alhaji ya karɓi rikodarsa, ya rataya, ya ce, "Sai wata shekarar, Injiniya Kitse." Kafin lorinmu ta iso Misfala sunan ya riga mu isa.

Da Hajji ta zagayo Alhaji Bawa ya dawo, da rikodar, da sabon zare. Aka taru a rumfar facin Baba, aka rufe ƙofa, aka ce ni zan danna (ba don an yarda da ni ba, don ba wani). Muryar wata tsohuwa ta fito, tana rawa. Ta gai da yayanta, ta lissafa masa waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa. Ta ce ta ji take, ta sa an yi ta mayar mata har batir ya mutu, aka aika Gusau aka sayo wani. Sannan ta rera waƙar da ke bin taken, wadda Baba ya ce shi kansa ya manta rabinta. Yana zaune da takalmin wani a hannu, allura a tsaye, bai motsa ba har ta gama. Ta yi shiru, muka ɗauka ƙarshe ke nan. Sai ta gyara murya ta ce:

"Shi kuma wanga yaro da kitse ya ƙona, a gaishe shi. A ce mai ya riƙa hurawa."

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. Bikin ya ɗan ja, ya zama na rediyo da lemon kwalba, daga baya ya mutu ba wanda ya yi masa zaman makoki. Layinmu na Misfala yanzu masauki ne mai hawa-hawa, ni ina unguwar Rusaifa da tumbin da ya fi na Usta. An ce mini bikin Turawan nan har yau ana yi, ana buga faifai. Allah ya ba su sa'a. Ni ma dai burina ya cika, muryata ta ƙetare teku ba fasfo, har ta yi suna a wani ƙauye na Zamfara, inda aka ce yara sun daɗe suna wasan "Sule, ruwa".

Abin da na koya kuwa, a duk rayuwata hidima ɗaya na taɓa yi wa kiɗa, ita ce lokacin da bakina ya cika har na kasa magana. Shi ya sa yanzu in ana abin kirki a wuri, uwargida ba ta ce mini in yi shiru. Faranti kawai take turo mini. Ni kuma ina hurawa.